Yadda Ake Cire Boltin da Ya Ƙame da Sauya Bushin a Ƙafar Mota ta Baya

Duk wanda ya taɓa yin aikin ƙafar mota ta baya ya san cewa sauya bushin, wato robar da ke cikin mahaɗin hannun ƙafar don shanye girgiza, ba shi ne abin wahala ba, wahalar tana wajen fitar da boltin da ya ratsa ta cikinsa. A baki aikin bai taka kara ya karya ba, domin bai wuce a kwance bolti biyu ko uku, a ciro hannun ƙafar, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar da jikin motar, a fitar da tsohuwar roba a saka sabuwa ba. Amma idan mota ta shekara goma ko fiye tana shan ruwa da laka, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu ko a garuruwan bakin teku, bolti ɗaya tak yana iya cinye wa mutum yini guda cur. Makanikai da dama suna kiran bolti da noti duka da sunan noti, amma a nan wajibi ne a raba su, saboda kowanne da irin ƙamewarsa da kuma maganinsa. Bolti shi ne dogon ƙarfen mai kai da zare, noti kuwa shi ne ƙaramin da ake murɗawa a kan zaren.

Inda matsalar take

Yawancin bushin ƙafar baya kashi uku ne a haɗe. Akwai zoben ƙarfe na waje wanda aka matse a cikin idon hannun ƙafar, akwai roba a tsakiya, sannan akwai ɗan bututun ƙarfe a can ciki wanda robar take manne da shi. Boltin yana shiga ta kunne ɗaya na mazaunin hannun, wato ɗaya daga cikin faifan ƙarfe biyu da bakin hannun yake zama a tsakaninsu, ya bi ta cikin wannan bututu, ya fito ta ɗaya kunnen, sannan noti ya kama shi. Idan aka ɗaure, kunnuwan biyu suna matse bututun ta yadda ba ya motsi ko kaɗan, kuma duk hawa da saukar da ƙafar take yi a kan hanya, robar ce take murɗewa tana shanye shi.

Tsakanin jikin boltin da bututun akwai ɗan sarari wanda bai kai kaurin farce ba, kuma nan ne ruwa yake shiga ya kwanta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cika wuri nesa ba kusa ba, saboda haka a hankali take kumbura har ta cike sararin, bolti da bututu su zama kamar abu ɗaya. Idan kuma bututun ko hannun na alminiyom ne, haɗuwar ƙarfe iri biyu a cikin ruwan gishiri tana haifar da wani farin gari mai kamawa fiye da tsatsar da aka saba gani.

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Sai ka ga an kwance noti lafiya ƙalau, an yi murna, amma boltin ya ƙi fita. An sa doguwar sifana a kansa an ja, ya juya kamar rubu'in zagaye, amma da an saki sifanar sai ya koma inda yake kamar an ja roba an saki. To, robar ce kuwa aka ja. Boltin bai motsa a cikin bututun ba ko kaɗan, bututun ne gaba ɗaya yake juyawa tare da shi yana murɗe robar. Wanda ya gane wannan alama tun farko ya huta da wahalar sa'o'i, domin ya san cewa ƙarin ƙarfi a kan sifana ba zai haifar da komai ba sai yagewar roba.

Kafin a taɓa sifana

Shawara mafi muhimmanci a wannan aiki ita ce a sayi sababbin bolti da noti da washa tun kafin a ɗaga motar. Wanda yake da sabon bolti a hannu ba ya jin tsoron yanke tsohon, wanda kuwa ba shi da shi zai yi ta lallaɓa ruɓaɓɓen ƙarfe har dare ya yi masa, motar kuma tana rataye. A dubi kan tsohon boltin, za a ga lamba kamar 8.8 ko 10.9, wani lokaci 12.9. Wannan lamba ce take nuna ƙarfin ƙarfen, kuma na 10.9 ya fi na 8.8 juriya sosai, saboda haka ba a maye gurbin 10.9 da 8.8 ko da kaurinsu da tsawonsu sun yi daidai. Boltin ƙafa galibi milimita 10 ne ko 12 ko 14 a kauri, kuma da yawansu zarensu ya fi na boltin gama-gari ƙanƙanta, abin da ya sa sayen na kamfanin motar ko makamancinsa na ainihi ya fi kwanciyar hankali. Haka kuma a bincika ko ana sayar da bushin shi kaɗai, domin wasu motocin sai dai a sayi hannun gaba ɗaya da bushin a jikinsa, kuma sau da yawa hakan ya fi sauƙi idan hannun da kansa ya ci tsatsa.

Tun motar tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai shimfiɗe, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar ƙafar zuwa bakin jikin motar da ke saman tayar, a rubuta adadin a ajiye. Za a buƙace shi a ƙarshen aikin, kuma da zarar an ɗaga mota damar aunawa ta wuce.

Kwana biyu ko uku kafin ranar aikin, a goge zaren da ya leƙo bayan noti da burushin ƙarfe har ƙarfen ya bayyana, sannan a fesa man da aka yi don ratsa tsatsa a kan zaren, da ƙarƙashin kan boltin, da tsakanin kunnuwan da bututun, a maimaita safe da yamma. Gaskiyar magana ita ce man yana taimakawa sosai a kan noti, amma ba kasafai yake iya ratsa tsawon bututun da tsatsa ta toshe ba. Duk da haka ba a barin sa, domin ba ya cin komai sai ɗan lokaci.

Wajen ɗaga mota babu sassauci. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, don haka da zarar sun bar ƙasa babu abin da yake riƙe motar, sai a sa waigi a gaba da bayan tayoyin gaba. A ɗaga da jak, a ɗora jikin motar a kan matokaran ƙarfe a wuraren da kamfanin ya tanada, sannan a girgiza ta da hannu a tabbatar ta zauna daram. Wannan aiki ne na ja da duka da ƙarfin gaske, kuma motar da ke kan jak kaɗai tana iya zamewa a lokacin da mutum yake kwance a ƙarƙashinta.

Abu na gaba shi ne sifirin. A motoci da yawa sifirin baya yana zaune ne a kan hannun ƙasa, a matse, ko da tayar tana rataye. Idan aka zare boltin wannan hannu ba tare da an tallafe shi ba, hannun zai faɗo da ƙarfi, sifirin kuma ya yi tsalle, kuma yana iya karya hannu ko haƙarƙarin mutum. Sai a sa jak a ƙarƙashin hannun ya ɗauki nauyin, bayan an zare boltin a sauke shi a hankali har sifirin ya saki. Wannan tallafi yana da wani amfani kuma, domin boltin da nauyi yake danne da shi ta gefe ba ya fita ko da babu tsatsa a jikinsa, kuma ɗan ɗaga jak ko sauke shi yakan sa a sami daidai wurin da boltin ya saki jiki. Kafin a ci gaba a kwance tiyon birki da wayar na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, daga maƙalansu a jikin hannun, haka ma ɗan siririn sandan da ke auna tsayin mota don daidaita fitilun gaba, idan motar tana da shi, domin roba ce kuma karyewarta ba ta da wuya.

Wasu boltin ƙafar baya na saiti ne. Ana gane su da washa mai faɗi wadda raminta yake gefe ba a tsakiya ba, sau da yawa da ƴan zane-zane a bakinta. Juya irin wannan bolti yana tura hannun ciki ko waje, ya canza tsayuwar tayar. A sa masa alama da fenti daga washar zuwa jikin mazaunin, a ɗauki hotonsa da waya, domin a mayar da sabon kusa da inda tsohon yake. Kuma a irin wannan bolti noti ake juyawa, kan boltin riƙe shi kawai ake yi.

Kwance noti

A yi amfani da soket mai kusurwa shida, kada a yi da mai kusurwa goma sha biyu, domin na biyun bakin kusurwoyin noti kawai yake kamawa, kuma a kan notin da tsatsa ta ci nan da nan yake mulmule shi. Idan tsatsa ta rage girman notin har soket ɗinsa yana rawa, a ɗauki wanda bai kai shi girma ba da milimita ɗaya a doka shi da guduma ya shige. Noti na milimita 19 da ya zaizaye yakan karɓi soket na 18 da ɗan duka. Akwai kuma soket na musamman mai haƙora a karkace daga ciki, wanda yake ƙara cizon ƙarfen duk lokacin da aka ja, kuma shi ne maganin notin da ya riga ya mulmule.

A fara da ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan kafin a juya shi ta wajen kwancewa, domin wannan yana fasa tsatsar da ke cikin zaren. Idan ya motsa kada a yi gaggawar fitar da shi a tashi ɗaya. A kwance rabin zagaye, a mayar rubu'i, a fesa mai, a sake kwancewa, haka har ya fita. Notin da aka tilasta wa bi ta kan busasshiyar tsatsa yana yin zafi, ya tara garin ƙarfe a gabansa, ya sake ƙamewa a tsakiyar hanya, kuma a nan ne bolti yakan tsinke. Injin kwance noti mai bugu ya fi dogon ƙarfe amfani a nan, saboda girgizar bugunsa tana farfasa tsatsa, shi kuwa dogon ƙarfe murɗa jikin boltin kawai yake yi.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata a yi taka-tsantsan matuƙa. A wasu motocin boltin ba shi da notin da ake gani, yana shiga ne cikin notin da aka yi wa walda a cikin ramin jikin motar ko na gadon ƙarfen da ƙafafun suke ɗaure a kai. Idan aka matsa wa irin wannan da ƙarfin tsiya, waldar takan ɓalle, notin ya riƙa juyawa a ciki inda hannu ba ya kaiwa, kuma daga nan sai an yanka taga a jikin ƙarfen an sake walda. A irin wannan wuri haƙuri da mai da kai-da-komo su ne kawai hanya.

Idan noti ya ƙi duk wannan, sai a koma ga zafi. Ana gasa notin ne, ba boltin ba, domin ya buɗe ya saki zaren. Na'urar gasa ƙarfe da lantarki, wadda ake zura wa noti zoben waya ya yi ja cikin ƙasa da minti ɗaya ba tare da harshen wuta ba, ita ce mafi aminci a bayan mota, domin a nan tankin mai da bututansa da bututan birki suke. Wanda zai yi amfani da wutar gas ya kare waɗannan da faifan ƙarfe, ya goge man da ya fesa, ya ajiye abin kashe gobara kusa da hannunsa. Kada a kai wuta kusa da shokazoba, domin akwai mai da iskar gas a matse a cikinsa. Kada kuma a gasa ƙarfen da aka wanke da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, saboda zafi yana mayar da shi iska mai guba wadda kaɗan daga cikinta take lalata huhu. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660 a ma'aunin Salshiyas ba tare da ya yi ja ya ba da gargaɗi ba, don haka hannun alminiyom ba abin kai wa wuta ba ne. A motar lantarki ko mai haɗin lantarki da fetur, wayoyi masu launin ruwan lemo na babbar wuta ne, ba a kusantar su da wuta ko zarto. Duk bolti ko notin da aka gasa ya yi ja ya rasa ƙarfinsa na asali, wurinsa kwandon shara ne.

Idan boltin ya manne da bututun

Bayan noti ya fita, a mayar da shi a kan zaren har bakinsa ya yi daidai da bakin boltin, sannan a doka da guduma mai nauyi. Notin yana hana bakin boltin faɗaɗa, domin boltin da bakinsa ya baje kamar naman kaza ba zai ƙara bi ta cikin bututun ba. Amma kafin a yi dukan sai an tokare kunnen da ke ɗaya gefen, a kifa masa soket babba wanda kan boltin zai iya shigewa cikinsa, wani ya danne soket ɗin da ƙarfe mai nauyi. In ba haka ba, duk ƙarfin gudumar robar ce za ta shanye, abin da ya rage kuma ya tafi kan kunnen.

Na koyi wannan ne a kan wata tsohuwar mota da na yi wa aiki ni kaɗai. Na yi ta dukan boltin hannun ƙasa na kusan rabin sa'a, ina ganin kamar yana matsawa, har na fara jin daɗi. Da na haska fitila na duba da kyau sai na ga boltin yana nan inda yake a cikin bututun, kunnen mazaunin ne ya buɗe waje kamar murfin gwangwani, fentinsa ya tsattsage a wurin lanƙwasar. Boltin da na ƙi yankewa don ina ganin asara ce, daga baya cikin minti goma zarto ya raba shi, amma miƙar da kunnen ya koma daidai ya ci mini sauran yinin.

Gudumar iska, ga wanda yake da ita, ta fi gudumar hannu aiki a nan, saboda bugunta ƙanana ne masu sauri waɗanda robar ba ta iya shanyewa duka. Haɗa ta da injin bugu a kan kan boltin, ɗaya yana juyawa ɗaya yana turawa, yakan fitar da boltin da bai gama mannewa ba. Wata dabarar ita ce a kama bakin bututun da filaya mai kullewa, idan akwai wurin kamawa, domin a hana shi juyawa tare da boltin. Zafi kuwa ba ya yin wani tasiri a wannan mataki, tunda bututun yana lulluɓe da roba, kuma kafin zafin ya kai gare shi robar ta kama da wuta tana fitar da baƙin hayaƙi mai cutarwa.

A ra'ayina, idan an yi minti ashirin ana wannan fama boltin bai matsa ko da kaurin washa ba, lokacin yanka ya yi. Ana yankewa ne a wuri biyu, a tsakanin bututun da kowane kunne, ta yadda hannun zai zamo ƙasa da guntun boltin a cikinsa, kai da bakin boltin kuma su faɗo ta gefe. A sa ƙarfen banƙara a ɗan buɗe tsakanin kunnen da bushin don ruwan zarton ya sami hanya. Zarton lantarki mai kai-da-komo shi ne ya fi dacewa, da ruwa mai haƙoran kabaid, wato wani sinadari mai tsananin tauri, ko wanda aka yi don ƙarfe mai kauri, domin bututun bushin da boltin 10.9 suna cinye ruwan zarto na gama-gari cikin ƴan daƙiƙu. A tafiyar da shi a hankali, a danna sosai, a riƙa ɗiga mai, saboda gudu yana ƙona haƙoran ne kawai. A jingina ruwan zarton ga ɓangaren bushin, wanda dama zubar da shi za a yi, a kiyaye fuskar kunnen, domin a kanta sabon bututun zai zauna. Injin yanka mai faifai ya fi sauri idan akwai sarari, amma tartsatsinsa yana tafiya nesa, don haka a lura da inda yake sauka, a kuma sa tabaran kariya da safar hannu. Kafin yanka na biyu ya ƙare a sake tabbatar da cewa jak yana riƙe da hannun.

Fitar da tsohon bushin

Kafin a taɓa shi a duba yadda yake zaune. Bushin da yawa ba su cika da roba ko'ina ba, suna da ramuka a ɓangare biyu domin su yi laushi ta wata fuska su yi tauri ta wata, wasu ma akwai ruwa a cikinsu. Irin waɗannan suna da kibiya ko ɗan tsini da ke nuna yadda za su fuskanta. A sa alama a jikin hannun daidai da ta tsohon, a kuma auna yawan abin da ya leƙo ta kowane gefe, domin sabon ya zauna a zurfi ɗaya.

Idan akwai injin matsi, aikin na ƴan mintuna ne. A tokare idon hannun da guntun bututu mai faɗin da bushin zai faɗa cikinsa, a danna zoben waje da wani guntun bututu ko soket wanda bai kai faɗin idon ba da kaɗan. Zoben ake dannawa, ba roba ko bututun tsakiya ba. Hannun da aka yi da faifan ƙarfe biyu yana buƙatar a cusa wani ƙarfe a tsakaninsu don kada matsin ya haɗe su. Idan babu injin, ana yin wannan da dogon ƙarfe mai zare da noti biyu da washa masu kauri, a shafa wa zaren giris sosai, a riƙa ɗaurewa har bushin ya fito. Sai dai wannan yana buƙatar ramin tsakiya a buɗe, kuma idan guntun bolti yana ciki dole a fara fitar da tsakiyar.

Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ta zarton hannu. A huda robar da injin huda a wurare da yawa a kewaye har bututun tsakiya ya saki ya faɗo. Sannan a kwance ruwan zarto, a zura shi ta ramin, a sake ɗaura shi a jikin zarton, a yanka zoben waje daga ciki a tsawonsa. A riƙa tsayawa ana dubawa, domin ana so a tsaya ne daidai lokacin da zoben ya kusa rabuwa, kafin haƙoran su taɓa idon hannun, tunda tsagin da aka bari a nan yana iya zama mafarin tsagewa. Da zoben ya rabu matsinsa ya tafi, sai a lanƙwasa bakinsa ciki da kurfi a doka shi ya fita. Wasu suna ƙona robar da wuta don sauri, amma hayaƙin yana da illa, zafin kuma yana taɓa ƙarfin hannun.

Bayan haka a goge cikin idon da takardar yashi har ya yi sumul, a duba ko akwai tsaga ko rami mai zurfi na tsatsa. Hannun da ya ruɓe har ana iya huda shi da sukudireba, ko wanda idonsa ya buɗe har sabon bushin yana shiga da hannu, ba ya gyaruwa, sai dai a sauya shi.

Saka sabo da ɗaurewa

Bushin mai zoben ƙarfe yana shiga da sauƙi idan ya kwana a cikin firiza, domin sanyi yana ɗan tsuke shi, kuma ana iya shafa ɗan mai kaɗan a jikin zoben. Wanda kuwa roba ce tsirara a wajensa, ruwan sabulu ake sa masa, saboda giris da baƙin mai suna kumbura roba su ruɓar da ita. Bushin roba mai tauri da ake kira foliyuritan dabam yake, domin shi juyawa yake yi a kan bututunsa, kuma yana buƙatar giris ɗin da aka haɗo shi da shi, in ba haka ba zai dami mai mota da ƙara. Abin lura shi ne farkon shigar. Idan ya fara a karkace a tsaya a fitar da shi a sake, kada a ce matsi zai miƙar da shi. Kuma a sauya na hagu da na dama tare, domin sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen yana sa bayan mota ya riƙa ja gefe.

A shafa maganin hana ƙamewa, mai tagulla ko makamancinsa, a jikin boltin inda babu zare, wato daidai wurin da zai zauna a cikin bututun, domin nan ne ruwa ya yi ɓarna a karon farko. Inda bututun alminiyom ne a zaɓi wanda ba shi da tagulla. Amma a bar zaren a bushe sai idan littafin motar ya ce a shafa, saboda adadin ɗaurin da kamfani yake bayarwa galibi na busasshen zare ne, kuma zare mai santsi yana sa boltin ya miƙe fiye da kima kafin sifana mai awo ta nuna an kai. A saka boltin ta fuskar da tsohon ya shiga. Idan ramukan ba su haɗu ba a daidaita su da jak da siririn ƙarfe, kada a doka boltin ya shiga da ƙarfi ya lalata zarensa.

A wannan mataki a ɗaure noti da hannu kawai, ya kama amma bai matse ba. Dalili kuwa yana komawa ga abin da aka faɗa tun farko, cewa bututun tsakiya ba ya motsi bayan an ɗaure, robar ce take murɗewa. Idan aka ɗaure tamau alhali ƙafar tana rataye, da an sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a haka dare da rana, kowane rami a hanya kuma ya ƙara mata murɗa a kan wadda take ciki. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin watanni, motar ma takan tsaya da ɗan tsayi fiye da yadda take. Saboda haka ana ɗaurin ƙarshe ne a lokacin da ƙafar take a matsayinta na tafiya. Ko dai a sauke motar a kan tayoyinta a bisa rami ko gadar gyara, a ɗan girgiza ta ta zauna, ko kuma a sa jak a ƙarƙashin ƙafar a ɗaga har tazarar tsakiyar ƙafar da bakin jikin motar ta yi daidai da adadin da aka rubuta da farko. Mai bin hanya ta biyu ya sa ido kada jak ɗin ya ɗaga motar daga kan matokaranta.

A ɗaure da sifana mai awo zuwa adadin da littafin motar ya bayar. Wasu kamfanonin suna ba da adadi ne tare da ƙarin juyi, misali a kai wani adadi sannan a ƙara digiri 90, kuma irin wannan bolti yana miƙewa ne da gangan, shi ya sa ba a sake amfani da shi sau biyu. Notin da yake da roba a bakinsa ko wanda aka matse bakinsa don kada ya kwance, shi ma sau ɗaya ake ɗaura shi. A mayar da tiyon birki da wayar ABS cikin maƙalansu, a tabbatar babu abin da yake gogar taya ko sifirin, a ɗaure notin taya da awo bayan motar ta sauka.

Alamar fentin da aka sa a boltin saiti ta isa ta kai motar wurin masu saitin ƙafa, amma ba ta isa a ci gaba da hawa a haka ba, domin sabon bushin ya mayar da hannun wurin da tsohon ya daɗe da barinsa, kuma kuskuren milimita biyu a tsayuwar tayar baya yana cinye gefen taya cikin ɗan lokaci. A gaya wa mai saitin waɗanne bolti aka sauya, sannan bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake leƙawa ƙarƙashin motar da fitila, a duba kowane noti a ga ko akwai wanda ya motsa.